Dokar noter ta sauya sau uku, labarin bai kai kasuwa ba

A cikin shekaru 20, daga 1998 zuwa 2018, an taɓa ƙa'idojin aikin noter a Nijar sau uku manya-manya. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan sauye-sauye da ya tada ƙura a bakin jama'a yadda ƙarin kuɗin duwan ko jinkirin albashi ke tada ta. Alhali kuwa dokokin nan suna cikin masu yanke wa ke da gida, wa ke da kanti, yadda za a karɓo bashi idan wanda ake bi ya ƙi biya, da kuma abin da marayu za su tarar ranar da uba ya kwanta dama. Al'amarin da ya kai wannan nauyi bai kamata a bar shi hannun masana shari'a su kaɗai ba.

Da farko dai, wane ne noter? Masanin shari'a ne da gwamnati ta naɗa, ya yi rantsuwa gaban kotu, aka ba shi hatimi domin ya rubuta yarjejeniyar mutane, ya ba ta ƙarfin hukuma. Ba ya cin albashin baitulmali. Daga ladan takardun da ya rubuta yake ci, kuma gwamnati ce ke ƙayyade wannan lada. Ya bambanta da aboka, domin aboka yana tsaya wa mutum guda ne a kan abokin shari'arsa, shi kuwa noter wajibi ne ya tsaya tsakiya, ya fayyace wa mai saye da mai sayarwa abin da kowannensu ke ɗora wa kansa. Ya kuma bambanta da ma'aikacin meri ko na komisariya mai buga hatimi a kan takarda, wanda iyakar shaidarsa ita ce kofi ya yi daidai da asali, ko kuwa sa hannun na mai shi ne.

Ƙarfin takardar noter iri biyu ne, kuma kowane ɗan kasuwa ya kamata ya san su. Na farko, abin da noter ya ce ya gani da idonsa ko ya ji da kunnensa, kamar ranar ciniki, da waɗanda suka zo, da kuɗin da aka ƙirga a gabansa, kotu tana ɗaukarsa gaskiya ne har sai wani ya shigar da ƙara ta musamman cewa takardar jabu ce, ya kuma tabbatar. Na biyu, dokar OHADA kan karɓar bashi, wadda aka amince da ita a 1998 aka kuma sabunta ta a 2023, ta lissafa takardar noter mai ɗauke da umurnin zartarwa cikin takardun da ake aiki da su kamar hukuncin alƙali. Ma'ana, wanda ya ba da bashi da irin wannan takarda, idan wa'adi ya cika ba a biya shi ba, yana iya kai ta ga wisiye kai tsaye a kama dukiyar wanda ake bi, ba sai ya yi shekaru yana safa da marwa a kotu ba. Wannan gata ne babba ga mai bin bashi, kuma wuƙa ce mai kaifi a wuyan wanda ya sa hannu bai san abin da ya sa wa hannu ba.

Tsarin daga Faransa ya fito, inda dokar 16 ga Maris 1803 ta kafa shi a siffar da aka san shi da ita. Mulkin mallaka ya kawo shi nan, amma tun da noterori ba su da yawa, a mafi yawan garuruwa magatakardan kotu, wato girafiye, shi ke riƙe aikin a gefen nasa. Haka aka ci gaba bayan samun mulkin kai a 1960. Sai bayan Taron Ƙasa na 1991, lokacin da gwamnati ta fara janye hannunta daga harkokin kasuwa, aka ga bukatar shimfiɗa wa aikin tsari cikakke. Wannan shi ne sauyi na farko: doka mai lamba 98-06 ta 29 ga Afrilu 1998, zamanin mulkin Ibrahim Bare Mainasara.

Shekarar 1998 ba ta zo da wannan doka ita kaɗai ba. Nijar tana cikin ƙasashen da suka sa hannu kan yarjejeniyar OHADA a Port-Louis, tsibirin Moris, ranar 17 ga Oktoba 1993, domin su haɗa dokokin kasuwancinsu su zama bai ɗaya. Yau ƙasashe 17 ke cikinta, kotun ƙolinta kuma tana Abijan. Ranar 1 ga Janairu 1998 dokarta ta kamfanoni ta fara aiki. Ta wajabta wa duk mai son kafa kamfani ya bi ta ofishin noter, ta kuma ce kamfanin da aka fi sani da SARL, wanda bashinsa ke tsayawa kan jarin da aka zuba ba ya bin masu shi har gida, sai da jarin sefa miliyan 1 aƙalla, wato jika 1000. Ga ƙasar da ke fama da raɗaɗin karya darajar sefa na Janairu 1994, ga ma'aikata na bin gwamnati albashin watanni, wannan shinge ne mai tsawo. Manyan alhazan Maraɗi da Damagaram sun iya ƙetare shi idan sun so. Ƙaramin ɗan kasuwa kuwa ya tsaya inda yake, yana biyan fatanti, yana ciniki da sunansa, dukiyar kanti da ta gida a tukunya guda.

Sauyi na biyu ya zo ranar 30 ga Janairu 2014, sa'ad da ministocin OHADA suka sabunta dokar kamfanoni a Wagadugu. Sabuwar dokar ta bar wa kowace ƙasa damar ta sassauta tilascin noter da kuma ƙa'idar miliyan 1. Nijar ba ta yi jinkiri ba: a shekarun da suka biyo baya ta rage jarin SARL, ta kuma halatta a kafa shi da takardar da masu kamfanin suka sa wa hannu da kansu. Babban kamfani irin SA ya ci gaba da bukatar miliyan 10. Gaskiya ce da ba a musu cewa wannan ya sauƙaƙa wa matasa da mata masu ƙaramin jari, kuma duk wanda ya yi aikin ya cancanci a yaba masa. To amma a faɗi dalilin gaggawar. A waɗannan shekaru ƙasashen Afirka suna tsere ne domin hawa sama a jerin da Bankin Duniya ke fitarwa kowace shekara kan sauƙin kasuwanci, kuma cire noter hanya ce mai saurin ƙara maki. A watan Satumba 2021 Bankin Duniya da kansa ya soke wannan jeri, bayan an gano an yi wasa da alƙaluman wasu ƙasashe. Jerin ya tafi, dokokin da aka yi dominsa suna nan, kuma lokaci ya yi da za a auna su da ma'aunin kasuwar Ƙonni da ta Tasawa.

Abin da ma'aunin zai nuna shi ne, ƙofa ta buɗe amma mai gargaɗi ya bar bakinta. Ƴan'uwa biyu da suka haɗa jari suna iya cika fom ɗin da aka riga aka buga, su sa hannu, su sami lambar rajista cikin ƴan kwanaki, ba tare da wani ya tambaye su yadda za a raba riba ba, ko iyakar bashin da mai tafiyar da kamfani zai iya ci da sunan kowa, ko abin da zai faru idan ɗayansu ya rasu. Dokar OHADA ta ce mutuwar abokin haɗin gwiwa ba ta rushe SARL sai idan an rubuta haka, kuma ta yarda a rubuta cewa magada ba za su shiga kamfanin ba sai da amincewar sauran. Layi biyu ne a takarda, amma su ne ke raba gidan da ya zauna lafiya da gidan da ƴaƴan wa da na ƙane suka daina gaisawa. Araha ba ta ado. Wanda doka ta ɗauke wa tilas ba ta ɗauke masa bukatar shawara ba.

Sauyi na uku shi ne doka mai lamba 2018-35 ta 24 ga Mayu 2018, zamanin Isufu Mahamadu, wadda ta maye gurbin ta 1998, ta sake tsara sharuɗɗan shiga aikin da ladabtar da masu shi. Gyaran gidan noterori abu ne mai kyau. Amma matsalolin da ke hana talaka amfana da su suna wajen gidan ne, kuma guda huɗu ne.

Matsala ta farko ita ce nisa. Ƙasa ce mai faɗin murabba'in kilomita 1,267,000, amma mafi yawan ofisoshin noter a Yamai suke, sauran kuma a wasu manyan birane. Daga Damagaram zuwa Yamai kusan kilomita 900 ne. Mai sayen gida a Magarya, ko Madawa, ko Dakwaro, idan ya haɗa kuɗin mota da na kwana da ranakun kasuwa da zai rasa, sai ya ga gara ya kira maƙwabta biyu su yi shaida, a rubuta a takardar makaranta. Ba a ga laifin noter ba don ya zauna inda manyan ciniki suke, tun da daga ladansu yake ci. Laifin na tsarin da bai tanadi komai ba ga garuruwan da cinikinsu ƙanana ne. Ita kanta Faransa ta gane cewa ƙuntata yawan ofisoshi yana cutar jama'a, shi ya sa dokarta ta 6 ga Agusta 2015 ta buɗe ƙofar kafa sababbi a yankunan da suke da ƙaranci.

Matsala ta biyu ita ce harshe. Takardar noter da Faransanci ake rubuta ta, Faransancin shari'a wanda ko malamin lakkol sai ya karanta sau biyu. Ƙa'idar aikin a ƙasashen da suka gaji wannan tsari ta tanadi tafinta da shaidu ga wanda bai ji harshen ba ko bai iya sa hannu ba. Amma fassarar baki tana wucewa da iska, abin da ke kan takarda shi ke zama, kuma shi wisiye zai zo da shi. Kada a ce mutanen ƙasar nan ƙyamar rubutu suke yi. Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umurni ce a rubuta bashi, da marubuci mai adalci da shaidu, kuma tun kafin zuwan Bature malamai da alƙalai suna rubuta ciniki da rabon gado da Larabci ko da ajami. Abin da ɗan kasuwa ke gudu shi ne ya danna yatsa a kan abin da ba zai iya karantawa ba, kuma yana da gaskiya. Kundin sake gina ƙasa da aka ƙaddamar a watan Maris 2025 ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuwa harsunan aiki. Idan wannan magana za ta sauka daga kan takarda ta taka ƙasa, ofishin noter yana cikin wuraren farko da ya kamata a ganta, tare da Zabarmanci, Fulatanci, Tamashek, Barbarci da sauran harsunan ƙasa, kowane a yankin da ake jin sa.

Matsala ta uku ita ce kuɗi, ko kuwa a ce duhun da ke kewaye da kuɗin. Mutum ya fito daga ofis ya ce noter ya cinye masa kaza, alhali wani kaso mai yawa na abin da ya biya harajin rajista ne da kuɗin timbir, waɗanda noter ke karɓa a madadin baitulmali. Da yake ba kowa ya san ƙayyadadden ladan ba, mai gaskiya yana shan zargin da bai ci ba, marar gaskiya kuma yana samun inuwar fakewa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Akwai kuma kuɗin mutane da ke kwana hannun noter, kamar kuɗin gida kafin a gama sauya suna, ko jarin kamfani kafin a yi rajista. Amana ce, kuma amanar da ba a binciken ta a kai a kai tana jarraba ko salihi.

Matsala ta huɗu ita ce mafi girma, wato fili. A Nijar ƙasa guda tana iya samun takardu iri-iri. Dokar karkara ta 2 ga Maris 1993 ta ba mallakar gargajiya kariya daidai da ta rubuce, ta kafa kwamitocin filaye waɗanda ke ba da takardun shaida tun daga ƙauye. A birni kuwa meri na ba da takardar sayar da fili, sa'an nan ga babbar takardar mallaka ta ofishin rajistar filaye, wadda asalinta dokar mulkin mallaka ce ta 26 ga Yuli 1932, ga kuma mai sauƙi da ake kira Sheda, wadda dokar kasafin kuɗin 2006 ta kawo. Ban da wannan, tun dokar 16 ga Maris 1962 kan tsarin shari'a, kotuna suna bin al'ada a sha'anin aure, gado da filin da ba a yi wa rajista ba, kuma dokokin da suka biyo ta a 2004 da 2018 sun bar wannan ƙa'ida. Ma'aikata sun fi kowa sanin zafin wannan ruɗani. A farkon shekarun 2000 gwamnati ta biya da yawansu bashin albashi da filaye, wasu suka gina, wasu suka sayar, wasu filayen suka bi hannu uku ko huɗu da takardar baki da shaidu. Shari'ar fili guda mai masu shi biyu ba baƙuwa ba ce a kotunan ƙasar nan. Noter yana iya bincika rajistar da ke akwai, amma ba zai iya ganin abin da ba a rubuta ko'ina ba, don haka duk gyaran dokar noter da bai tafi tare da gyaran rajistar filaye ba rabin aiki ne.

Akwai kuma abin da masu fatauci ta Ɗan Isa, da Ƙonni, da Magarya ya kamata su lura da shi. Nijeriya ma ta sauya dokarta a 2023, ta soke tsohuwar da ta gada tun zamanin Ingilishi, ta halatta a tabbatar da takarda ta hanyar kwamfuta, mai hatimi da mai sa hannu suna ganin juna daga nesa. To amma sunan ne kawai ya yi kama. A can lauya ne wanda babban alƙalin ƙasa ya naɗa, aikinsa shaidar sa hannu da rantsuwa da tabbatar da takardun da za su ƙetare iyaka, kuma hatiminsa ba ya mai da takarda daidai da hukuncin alƙali. Wanda ya dawo daga Kano ko Katsina da takarda mai jan hatimi, yana zaton zai miƙa wa wisiye a Maraɗi ya kama kaya, zai sha mamaki. Fitar Nijar daga CEDEAO a watan Janairu 2025 kuwa ba ta shafe dokokin OHADA ba, domin ƙungiyoyi ne daban, kuma Nijeriya ba ta taɓa shiga OHADA ba.

Bugu da ƙari, dokokin yaƙi da halatta kuɗin haram sun ɗora wa noter wani sabon nauyi: ya tantance wanda ke gabansa, ya kuma sanar da hukumar CENTIF idan ciniki ya ba shi shakka. A ƙasar da ake sayen gida da kuɗi a cikin buhu, alhaji mai gaskiya yana iya jin an ci mutuncinsa idan aka tambaye shi inda ya samo dukiyarsa. Hakkin hukuma ne ta bayyana wa ƴan kasuwa cewa doka ce ta sa tambayar, don kada su gudu su koma cinikin bayan fage.

Tun juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 babu zaɓaɓɓiyar majalisa, dokoki da umurnin shugaban ƙasa suke fitowa. Wannan yana sa gyara ya yi sauri, yana kuma sa kuskure ya yi sauri, tun da babu depite da zai tashi ya ce a dakata. Saboda haka duk gyaran da za a yi nan gaba, a fara kai daftarinsa gaban majalisar ƴan kasuwa, da ƙungiyoyin ma'aikata, da sarakunan gargajiya waɗanda rigimar fili ke fara faɗowa a zaurukansu, a kuma karanta shi a rediyo da harsunan ƙasa kafin a sa hannu.

Abubuwan da ya kamata daftarin ya ƙunsa a fili suke. Na ɗaya, a buɗe gasar ɗaukar noterori a bainar jama'a, a buga sunayen waɗanda suka ci, a kuma ba wanda ya yarda ya zauna a ƙaramin gari sassaucin haraji na wasu shekaru. Inda babu ofis, a sa wa noter mafi kusa ranakun zama da suka dace da ranar kasuwa. Na biyu, a wajabta liƙa jadawalin lada a ƙofar kowane ofis da harshen yankin, kuma kowane rasiɗi ya raba kuɗin baitulmali da ladan noter. Na uku, duk takardar da ta shafi gida, gona, jingina ko bashi ta zo da rubutacciyar fassara da harshen masu ita, wadda tafinta mai rantsuwa ya sa wa hannu. Na huɗu, kuɗin mutane ya zauna a asusu na daban, ofishin mai gabatar da ƙara da ƙungiyar noterori ta ƙasa su riƙa bincikensa kowace shekara, a kuma bayyana hukuncin wanda aka kama. Na biyar, a haɗa rajistar meri da ta kwamitocin filaye da ta ofishin mallaka wuri guda da noter zai iya dubawa. Maganar sa hannu ta intanet kuwa a bar ta ta biyo bayan waɗannan, domin wanda bai iya karanta takarda a gabansa ba, ba zai fi iya karanta ta a fuskar waya ba.

Su ma noterori akwai nasu rabon. Sana'ar da gwamnati ta keɓe wa ƴan kaɗan, ta hana kowa yin ta sai su, ba kasuwa ce zalla ba, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Su fito rediyo, su shiga kasuwa, su bayyana aikinsu da harshen da ake ciniki da shi.

Kafin hukuma ta motsa, ɗan kasuwa da ma'aikaci suna da abin yi tun yau. Wanda zai sayi gida ko fili ya nemi ganin asalin takarda, ya je inda aka bayar da ita a tabbatar masa, kafin ya ƙirga ko dala. Wanda zai ba da bashi mai nauyi ko ya haɗa jari, ko da ɗan'uwansa ne ciki ɗaya, ya rubuta, ya sa a karanta masa layi-layi da harshensa, ya tambayi abin da bai gane ba, ya karɓi rasiɗi. Wanda ya riga ya sayi fili da takardar baki ya gyara ta tun shaidu suna raye. Kuɗin da za a kashe yau a ofishin noter yana da zafi, amma an san iyakarsa. Na shari'ar gado kuwa magada ne za su biya, kuma babu wanda ya san inda zai tsaya.